Ba Ginin Ƙasa Ne Ya Kashe Iya Ba

Duk wanda ka tambaya a Zangon Wagadugu zai ce maka taurin kai ne ya kashe Iya. Wai tsohuwa ta maƙale wa ginin ƙasa, ɗanta ya yi lallashi ya yi magiya ta koma gidansa na Waga 2000, unguwar masu kuɗi, ta ƙi, har bango ya faɗo mata. Haka ake faɗa a gidan suna, haka ake faɗa a bakin famfo, har limamin unguwa na ji ya kawo misali da ita a kan tsofaffin da ba sa jin maganar 'ya'yansu. Ƙarya ne. Ni jikarta ce, a ɗakinta na girma, kuma da hannuwan nan nawa aka tono ta. Siminti ne ya kashe Iya, kuma na san wanda ya sa aka shafa shi. Kawu nake ce masa, shi ne ɗan nata, yayan mahaifiyata ne, yana da babban shagon kayan gini a unguwar Gungen, kuma har yau in ya shigo unguwa tashi ake yi a ba shi tabarma.

Na san shekaruna ba su kai na masu cewa "a zamaninmu" ba. Amma abin da na tashi na gani ya shuɗe sarai, kuma waɗanda ya kamata su ba da labarin sun zaɓi yin shiru, to ni zan ba da shi.

Gidanmu kakannin Iya ne suka gina shi, fataken goro. Akwai zaure, akwai ɗakin Iya da bayansa yake kallon titi, akwai tsakar gida, sai can ƙurya wani ɗaki mai kaurin bango da ake kira ɗakin goro, don a nan ake ajiye huhunan goro saboda sanyinsa. Duk ƙasa ce, rufin ma ƙasa a kan azara. Kuma gida ne mai neman hannu. Duk shekara, in zafi ya kai inda ya kai, tun kafin hadari ya fara haɗuwa a gabas, Iya za ta ce lokacin yaɓe ya yi. Ba a aika kowa ya sanar. Ɓawon ɗorawa za ta jiƙa a manyan tukwane, makuba ke nan, kuma warinta kaɗai ya isa shela. Wari ne mai ɗaci da tsami wanda ke shiga tufafi ya ƙi fita, a lakol har toshe hanci 'yan ajinmu suke yi in na zauna. Da ya bi lungu ka ga mata sun fara leƙowa: "Iya, yaushe ne?" Ta ce jibi. Jibi kuwa tun da sassafe amalanken jaki ya sauke jar ƙasa, a zuba kashin shanu da ƙaiƙayi, a tsiyaya ruwa, mu yara mu faɗa ciki da ƙafa. Caɓal, caɓal, har gwiwa. Ban taɓa yin wasan da ya kai wannan daɗi ba, kuma shi kaɗai ne wasan da in ka yi shi da ƙarfi ake sa maka albarka.

Manya su ke da bango. Mahaifiyata, Inna, ita ke hawa tsani, don ba ta tsoron bisa. Maƙwabciyarmu, wata tsohuwa 'yar Mosi da duk unguwa ke kira Yaba, ita ke bin bayanta da dutse mai santsi tana goge abin da aka shafa har ya yi ƙyalli. Ita da Iya ba sa rabuwa kuma ba sa shiri. Yaba ta ce, "Ku Hausawa baki gare ku, hannu babu." Iya ta ce, "Ke da hannun, ga bangonki can ya karkace kamar wuyan raƙumi." Sai a kwashe da dariya, a miƙo ƙwaryar zomkom, ruwan garin gero na Mosi, kowa ya kurɓa da laɓɓa don hannu duk laka. A bisa rufi kuma ana daɓe, tim, tim, tim, da madaɓi, ƙarar tana tafiya har bakin kasuwa. In an gama namu a wuce na Yaba, daga nan na gaba, har lungun ya ƙare. A wannan zagayen ake ganin komai: inda gara ta fara shiga, inda indararo ya tsage, inda gindin bango ya zaizaye. A cike, a toshe, a wuce. Ba wanda ya taɓa ce mini wannan ilimi ne. Aiki ne kawai, kamar wanke-wanke. Yanzu ku shiga lungun nan ku saurara. Ƙarar injin walda za ku ji, da moto, wato babur, da talabijin. Kowa ya kulle get ɗinsa na ƙarfe, kuma in bangon maƙwabcinka zai faɗi sai dai ka ji ƙararsa.

Kada wani ya ɗauka ina cewa Iya na son wannan wahalar. Ba ta so. Bayanta na ciwo, kuma duk shekara sai ta ce wannan ce ta ƙarshe. Abin da ya sa ke nan ta faɗa hannun Kawu cikin sauƙi.

Shekarar da na shiga lise, wato babbar sakandare, Kawu ya kai ta Makka. A Zango in mutum ya tafi aikin Hajji, gyara masa gida ake yi kafin ya dawo, a shafe, a yi fenti, a zana jirgi a bango, don masu zuwa barka su gani. Wannan al'ada ce, ba ni da faɗa da ita. Amma Kawu ya zo ya tsaya a bakin titi, ya dubi bangon da muka yaɓe da hannunmu, ya ce shi ba zai tara manyan 'yan kasuwa a gaban gidan da ke warin kashin shanu ba. Washegari sai ga mota da buhunan siminti da maso, mai aikin gini. Ƙarshen damina ne, bango ya sha ruwa bai gama bushewa ba. Inna ta ce, "Yaya, da an bari ya sha iska tukuna." Ya ce, "Jirgi zai jira iska ne?" Aka kafa ƙusoshi, aka shafe zaure da ɗakin Iya ciki da waje, aka malale tsakar gida har gindin bango, aka yi fenti shuɗi, aka zana jirgin sama da ya fi kama da kifi. Ɗakin goro kaɗai aka bari. Maso ya tambaya, Kawu ya ce, "Bar wannan, wa zai shiga can ya gani?"

Ranar da Iya ta sauko daga mota ta ga gidan, kuka ta yi. Ta shafa bangon da tafin hannu, ta ce, "Sumul! Yaba, zo ki taɓa." Yaba ta taɓa, ta taɓe baki, ta ce sanyi gare shi kamar gawa. Iya ta ce hassada ce. Tun daga ranar duk baƙon da ya zo sai ta ce, "Ɗana ya yi mini gidan siminti." To ku ji da kyau, ku masu cewa ta maƙale wa ƙasa. Iya ba ta zauna a ɗakin nan don son ƙasa ba. Ta zauna ne don ta yarda ɗanta ya raba ta da ƙasa har abada. Kuma wannan maganar ta cewa ya yi ta roƙonta ta koma gidansa, ni ina nan, ban taɓa ji ba. Sau ɗaya ya ce ta zo ta yi azumi a can, matarsa ta ce ɗakin baƙi ana gyara, magana ta mutu.

Da bazara ta zagayo ba a jiƙa makuba ba. Me za a yaɓe? Bango ga shi nan sumul. Maƙwabta suka ga na Iya, su ma masu hali suka shafa, zagayen yaɓe ya watse. Ni da Inna kaɗai muka ci gaba da lallaɓa ɗakin goro, ba don komai ba sai don kunya, kada ya zama kamar kufai a cikin gida.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa. Daga waje ba ka ganin komai sai 'yan tsage-tsage siraran kamar gashi can sama kusa da indararo. Amma ni da ke kwana a ɗakin na fara jin wani wari irin na rijiya. Tabarma na yin baƙi ta ƙasa. Fentin na kumbura yana ɓarewa da wani farin gari. Ruwan tsakar gida, wanda da ƙasa ke shanye shi, yanzu sai ya taru ya kwanta a gindin bango, don titi an yi masa ciko ya fi rariyarmu tudu. Wata rana ina shara tsintsiya ta bugi bangon, na ji ya amsa kamar ganga. Na bi shi da ƙwanƙwasa daga ƙofa har taga, duk haka. Na ce wa Iya. Ta ce in daina bugun bangon ɗanta. Na ce wa Inna, ta ce ita ba za ta iya tunkarar Yaya ba. Sai na hau keke na tafi Gungen da kaina.

Na same shi a shago yana shan shayi da abokansa. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata, wannan kam ba wanda zai ce ban yi ba.

Na ce, "Kawu, bangon Iya ya rabu da simintin. Ciki rami ne."

Ya ce, "Wa ya aiko ki?"

Na ce, "Ba kowa. Ka zo ka ƙwanƙwasa ka ji."

Ya dubi abokansa. "Kun ji 'yar lise. Ni da nake sayar da siminti tun ba a haife ta ba, ita za ta koya mini." Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Alhaji, ka ba ta shagon mana." Suka yi dariya. Kawu ya ce, "Siminti ba ya ruɓewa, 'yar nan. Tashi ki je ki taya uwarki girki, kuma ki gyara ɗankwalinki."

Na tashi. Har na kai ƙofa na ji yana cewa lakol ba abin da take ƙara wa mace sai tsayin harshe.

A daminar nan abin ya faru, da rana tsaka, bayan la'asar. Ruwa ne aka wuni ana yi, ba ma mai ƙarfi ba. Ni da Inna muna ɗakin goro muna tankaɗe, Iya na ɗakinta tana jan carbi, ta jingina da bangon da take alfahari da shi. Ba tsawa, ba iska. Wani irin nishi kawai muka ji, sai rugum. Da muka fito rabin ɗakin ya zauna. Simintin ya ɓalle falle-falle kamar ɓawon ƙwai, abin da ke bayansa kuwa ba bango ba ne, kunu ne, baƙi, mai wari, gara na yawo a ciki. Azara ta sauko ta danne mata ƙugu. Yaba ce ta fara isowa, ba ko takalmi, tana kiran sunan Iya na yarinta wanda ban taɓa jin kowa ya kira ba. Muka tona da hannu. Da muka fito da fuskarta, abin da ta fara cewa shi ne, "Kada ku gaya masa, zai ji ba daɗi."

Daga asibiti gidan Kawu aka wuce da ita, ɗakin baƙin ya gyaru a lokacin. Ɗaki ne mai tayil da na'urar sanyi, tagarsa na kallon katanga. Ba ta sake takawa ba, kuma ba ta ga wata daminar ba. Ranar addu'a, ina raba ruwa a rumfar maza, na ji Kawu da kunnena yana cewa, "Na sha gaya mata ta bar ginin ƙasan nan. Amma kun san tsofaffi." Mutane na gyaɗa kai. Wallahi da butar da ke hannuna ta ƙarfe ce da labarin ya canza. Daga rumfar nan maganar ta fita ta zama gaskiyar Zango.

Ban ƙarasa lise ba. Na sami aiki a unguwar Wemtenga, a wani wuri da ake matse tubalin ƙasa da inji ana kuma sassaƙa jan dutse na gini. Ni ke amsa waya da tarbar masu saye. Mai wurin mace ce, injiniya, Madam muke ce mata, kuma ba ta da haƙuri, shi ya sa muka shirya. Wata rana na ji tana faɗa da wani mai saye da ke son shafe ginin ƙasarsa da siminti. Da ya tafi na ba ta labarin Iya. Ba ta ce Allah ya jiƙanta ba ma tukuna, ta ce, "Hau moto ki nuna mini."

Ta zagaya kufan, ta tsuguna, ta ɗebi ƙasar ta murza. Ta ce bangon ƙasa yana shan ruwa yana kuma fitar da shi, in dai an bar masa hanya. Yaɓen makuba yana tare ruwan sama amma yana barin laima ta fita. Siminti kuwa ba ya tafiya tare da ƙasa, zafi ya buɗa shi sanyi ya tsuke shi har ya tsage, ruwa ya shiga ta tsagar, ya hau ta gindi, ya rasa mafita, ya zauna yana cin bangon a ɓoye. Ta ce mafi muni shi ne yana rufe wa masu gida ido, ba sa ganin ciwon balle su yi magani. Sannan ta shiga ɗakin goro, inda ni da Inna muke zaune tun ranar. Ta daki bangon da tafin hannu, ya amsa da ƙyar, dim. Ta ce, "Bon. Wannan in an sa masa dutse a gindi, aka fitar masa da ruwa daga tsakar gida, aka ci gaba da yaɓe, jikokinki ma za su kwana a ciki." Na ce to siminti haramun ne ke nan? Ta ce, "Wa ya ce? Wurinsa daban. A yi kwata da shi, a kama dutse da shi. A ƙasa yake da amfani, inda ruwa ke gudu."

Ɗaki ɗaya da Kawu ya raina, shi kaɗai ya tsaya. Na kai masa wannan maganar har gida, tare da Madam, ta yi masa bayani da Faransanci ta sake da Mosanci. Ya saurara, ya sa aka kawo mata lemo, ya ce ya gode. Saboda haka na farko in an ce rashin sani ne da son a gani, na yarda da ƙyar. Na biyu ba zai zama rashin sani ba.

Don akwai na biyu. Bana Inna Kawu zai kai Makka. Unguwa duk ta ɗauka, ana ta sa masa albarka, ɗan'uwa na gari. Shekaranjiya na dawo daga aiki na tarar da buhunan siminti jibge a tsakar gida an rufe da leda, shi kuma yana tsaye yana auna ɗakin goro da ido.

Na ce, "Kawu, wannan fa?"

Ya ce, "Gyaran tarba. Ko so kike ƙanwata ta dawo daga Makka ta shiga rumbu?"

Na ce, "Irin gyaran da aka yi wa Iya?"

Inna ta fito da sauri ta riƙe mini hannu. "Ke, ki rufa mini asiri. Yaya, yi haƙuri, ka san halinta."

Ya ce, "Na sani. Ba a banza har yanzu take gida ba." Ya gyara babbar rigarsa ya dubi kufan ɗakin Iya. "Filin nan ma ai bene yake so, shaguna a ƙasa. Amma tunda kun ce ɗakinku kuke so, to ga shi zan gyara muku."

Kun gane lissafin? Ba zai kore mu ba, Zango za ta zage shi. Muddin ɗakin na tsaye Inna na ciki, ba ya iya taɓa filin gado. Amma in ya shafe shi sumul, ya yi fenti, ya zana jirgi, aka yi masa addu'a, sai ya koma gefe ya bar wa damina sauran aikin. In ya faɗi, ginin ƙasa ne, kun san halinsa. In Inna na ciki ranar, kun san mata, ba sa jin magana.

Bayan ya tafi Inna ta zauna tana kuka, wai ita ba ta son fitina a bakin tafiya mai tsarki, wai in bar wa Allah. Na ce mata na bar wa Allah Iya, don ba yadda zan yi. Ita kam tana da rai.

Ga abin da na yanke. Ba zan ƙara zuwa shagonsa in durƙusa ba. Jiya na je wajen Yaba, ta tsufa ba ta gani sosai, amma tukwanenta na nan, kuma ta san inda ake samun ɓawon ɗorawa. Da na gaya mata, ta ce, "Sai yanzu Hausawa suka tuna suna da hannu?" Ta sa 'ya'yanta mata suka kawo mini tukwanen. Na jiƙa makuba tun daren jiya, yau da safe wari ya cika lungu, har wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce, "Yaushe ne?" Na ce ranar da jirgin Inna ya tashi. Maso na Kawu sai makon da ke biye zai zo. Kafin nan Madam za ta aiko da jan dutse a ɗaure gindin ɗakin, mu kuma mu yaɓe shi, mu daɓe rufin. Simintin Kawu ba zan mayar masa ba, kyauta ce ya yi wa ƙanwarsa a gaban jama'a. Zan farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, a fasa wannan malalen na tsakar gida, a yi kwata da shi tun daga ƙofar ɗaki har bakin titi. Da simintinsa za a fitar da ruwan da yake jira ya yi masa aiki, kuma kowace safiya a kansa zan zubar da ruwan wanke-wanke.

Saura abu ɗaya. Zauren ma ya bi ɗakin Iya ya zube, amma akwai guntun bangonsa da bai faɗi ba, tsayinsa bai wuce ƙirjina ba, ba rufi a kansa, har yanzu da wutsiyar jirgin nan a jiki. Na hana kowa taɓa shi. Ranar da Inna za ta dawo, a gabansa za a shimfiɗa tabarmin 'yan barka, Kawu a tsakiya, liman a damansa. Madaɓin Iya na nan a ƙarƙashin gadona. Zan bari a sha zamzam, a ci dabino, a shafa fatiha. Sannan in fito in gaishe su a ladabce, in daki bangon nan sau ɗaya, su ga abin da zai zubo daga ciki. Daga nan in miƙa wa Kawu madaɓin, in ce ya maimaita wa liman abin da ya kashe Iya.